Karkarwar Injin Mota a Tsaye: Yadda Ake Gano Cutar da Maganinta

Da wuya a sami direba ko mai mota da bai taɓa gamuwa da wannan al'amari ba. Mota tana tafiya lafiya lau a kan buɗaɗɗiyar hanya, amma da zarar an tsaya a mahaɗar titi ko an shiga cunkoso, sai sitiyari ya kama rawa, madubi ya riƙa kaɗawa, ƙarar inji ta riƙa hawa da sauka. Wani lokaci ma injin ya mutu ɗungurungum, sai an sake tayar da shi. Makanikai kan ce irin wannan mota ba ta da silo. Silo shi ne gudun da inji ke yi shi kaɗai idan mota tana tsaye, ba a taka totur ba.

Abin da aka saba yi a gareji da yawa shi ne a murɗa sukurun silo a ƙara wa inji gudu har karkarwar ta ɓuya, ko kuma a shiga sayen kayan gyara ɗaya bayan ɗaya: yau fulogi, gobe kwayil, jibi famfon mai, har dai a dace ko aljihu ya ƙare. Hausawa dai sun ce ruwa ba ya tsami banza. Karkarwar inji tana da dalili, kuma ana iya gano dalilin ta hanyar lura da awo, kamar yadda likita ke binciken marar lafiya kafin ya rubuta masa magani.

Yadda inji ke samar da ƙarfi

Injin fetur na yawancin motoci yana bin tsarin da Bajamushe Nikolaus Otto ya tabbatar a shekarar 1876, wato tsari mai matakai huɗu. A mataki na farko fistin yana sauka a cikin silinda, ya zuƙo haɗin iska da fetur. A na biyu ya hau ya matse haɗin. A na uku fulogi ya ba da tartsatsi, haɗin ya kama wuta, iskar da ta yi zafi ta bunƙasa ta tura fistin ƙasa da ƙarfi. A na huɗu fistin ya sake hawa ya kori hayaƙi zuwa salansa. Mataki na uku kaɗai ne ke ba da ƙarfi. Sauran ukun cin ƙarfi suke yi, kuma abin da ke ɗauke da inji ya tsallake su shi ne wani faifan ƙarfe mai nauyi da ke maƙale a ƙarshen karanshaf, wanda ake kira fulawil.

Kowace silinda tana kama wuta sau ɗaya a duk juyi biyu na karanshaf. Lafiyayyen inji da ya yi ɗumi yana juyawa tsakanin sau 600 zuwa 1,000 a minti ɗaya idan yana silo. In an ɗauki inji mai silinda huɗu da ke juyi 800 a minti, to wuta tana kamawa a cikinsa sau 1,600 a minti, wato kusan sau 27 a kowace daƙiƙa. Sumul ɗin da ake ji a lafiyayyar mota yana nufin dukkan waɗannan bugu sun yi daidai da juna a ƙarfi da lokaci. Karkarwa kuwa alama ce ta cewa wasu bugun sun yi rauni, ko sun makara, ko ba su zo ba sam.

Abubuwa uku ne ke sa bugu ya cika. Na farko haɗin iska da fetur a kan gwargwadon da ya dace, wanda masana suka ƙididdige da cewa kilo 14.7 na iska ga kowane kilo 1 na fetur. A wani lissafin, lita ɗaya ta fetur tana bukatar iska kimanin lita 9,000 kafin ta ƙone sarai. Na biyu matsi mai kyau a cikin silinda. Na uku tartsatsi mai ƙarfi a daidai lokacinsa. Kusan duk wata karkarwa ta inji tana komawa ne ga ɗayan waɗannan ukun.

Dalilin da ya sa cutar ke bayyana a tsaye

Mutane da yawa suna zaton silo shi ne lokacin hutun inji. A haƙiƙa shi ne lokacin da inji ya fi kowane rauni. Ƙarfin da fulawil ke ajiyewa yana ƙaruwa ne da ninkin gudunsa a kan kansa. Idan gudu ya ninka sau 4, daga juyi 800 zuwa 3,200, ƙarfin da ke ajiye ya ninka sau 16. Saboda haka bugun da ya ɓace a kan babbar hanya nauyin fulawil yana shafe shi, amma a tsaye sai an ji shi har a kujerar direba.

Dalili na biyu ya shafi iska. A lokacin silo ƙofar totur kusan a rufe take, iskar da ke shiga kaɗan ce ƙwarai. Inji mai girman lita 2 yana shan giram 2 zuwa 4 ne kawai na iska a daƙiƙa idan yana tsaye, alhali idan an take totur har ƙasa yana iya shan kusan giram 100. Da yake fistin suna zuƙa kuma ƙofa a rufe take, ƙarfin zuƙo yana taruwa a cikin manifol, wato bututun da ke rarraba iska ga silindodi. Duk wata 'yar tsaga da ke jikin tiyo ko gasket a wannan sashe za ta shigo da iskar da ba a auna ba. A ɗauka tsagar tana shigo da rabin giram a daƙiƙa. A kan hanya wannan ba komai ba ne, amma a tsaye ya kai kashi ɗaya cikin shida na dukkan iskar da injin ke sha, kuma ya isa ya tsinke haɗin har wuta ta ƙi kamawa.

Dalili na uku shi ne, a lokacin silo haɗin da ke shiga silinda ɗan kaɗan ne, kuma yana cakuɗuwa da ragowar hayaƙin bugun da ya gabata. Irin wannan haɗi yana da wuyar kunnawa, don haka fulogin da ya fara gajiya a nan yake fara nuna gazawarsa.

Tambaya kafin sifana

Ƙwararren makanike yana fara aiki da tambaya, domin lokacin da karkarwa ke zuwa rabin amsa ne. Idan da safe kawai take zuwa, ta tafi bayan inji ya yi ɗumi, hankali zai koma ga cok a motar kabureta, ko ga sensar da ke auna zafin ruwa a motar zamani. Idan sai an kunna na'urar sanyaya mota ko an sa giya a motar otomatik, to abin da ke ƙara wa silo iska idan nauyi ya hau inji shi ne abin zargi. Idan sai an taka burki inji ke canza murya, mai yiwuwa gangar da ke taimaka wa burki ko tiyonta yana shan iska. Idan kuwa matsalar ta fara ne jim kaɗan bayan an sha mai a wani wuri, ko bayan an wanke inji da ruwa, ko bayan wani gyara, to nan za a fara dubawa.

Akwai kuma tambaya ta farko da ya kamata a warware: shin injin ne ke tsallake bugu, ko kuwa girgizarsa ta yau da kullum ce ke ratsowa cikin mota? Inji yana zaune ne a kan robobi masu kauri da ke shanye motsinsa. Idan suka tsage ko suka zauna, sitiyari zai yi ta rawa alhali injin lafiyarsa ƙalau. Alamar wannan ita ce allurar da ke nuna gudun inji tana tsaye cak, ƙarar salansa kuma tana fita sumul, amma jikin mota yana kaɗawa, musamman idan an sa giya. Wanda bai rabe tsakanin waɗannan biyu ba yana iya sauya fulogi sau goma a banza.

Silinda ɗaya ce ko dukkansu?

Idan an tabbatar injin ne, mataki na gaba shi ne a san ko cutar tana cikin silinda guda ko ta game duka. Kunne ma yana taimakawa. Tsallake mai zuwa a kan ƙa'ida, kamar ɗingishi, yana nuna silinda ɗaya. Gudu mai hawa da sauka ba tsari yana nuna abin da dukkan silindodi suka yi tarayya a kai, kamar iska ko mai.

Gwajin da ke raba gardama mai sauƙi ne. Yayin da inji ke silo, ana kashe silindodi ɗaya bayan ɗaya ana saurare. Idan aka kashe lafiyayyiya, gudun inji zai faɗi, karkarwa ta ƙaru. Idan aka zo kan wadda dama ba ta aiki, ba abin da zai canza. A tsofaffin motoci ana cire wayar fulogi ne, da filaya mai rufin roba, domin wutar da ke bi ta nan ta kai dubban bolt. A motocin zamani ya fi kyau a cire soket ɗin nozul mai fesa fetur, don kada ɗanyen mai ya gangara cikin salansa.

Da an gano silindar, sai a yi musaya. A ɗauke kwayil ɗinta a kai wa maƙwabciyarta, a kawo na maƙwabciyar. Idan cutar ta bi kwayil ta koma sabon wuri, an kama mai laifi. Idan ta tsaya inda take, a yi wa fulogi irin wannan musaya, sannan nozul. Wannan ita ce ƙa'idar gwaji ta kimiyya: a sauya abu ɗaya tak a lokaci guda, a ga abin da ya biyo baya. Ba ta cin ko kwabo.

Abin da fulogi ke faɗa

Fulogi shi ne shaidan da ya ga abin da ke faruwa a cikin silinda. Idan bakinsa ruwan ƙasa-ƙasa ne ko toka-toka, ƙonewa tana tafiya daidai. Idan ya yi baƙi ƙirin da busasshen kunkunniya, fetur ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan. Idan baƙin mai maiƙo ne, baƙin mai yana hawowa cikin silinda, ko dai ta zoben fistin ko ta robar bawul. Idan ya yi fari fat, haɗin ya tsinke ko zafi ya yi yawa. Ana jera fulogogin bisa tsarin silindodinsu a kwatanta. In ɗaya ya fita daban, cutar ta silindarsa ce. In duka sun yi kama, sai a nemi abin da ya haɗa su.

Tazarar da ke tsakanin bakunan fulogi a yawancin motoci tana tsakanin milimita 0.7 zuwa 1.1, kuma tana faɗaɗa yayin da ƙarfen ke cinyewa. Faɗinta na ƙaruwa, wutar da ake bukata don tsallake ta na ƙaruwa, har kwayil ya gaza ko wutar ta sami wata hanya ta ɓulle ta tsagar waya. A motoci masu distiributa, irin Peugeot 504 da aka daɗe ana haɗawa a masana'antar Kaduna wadda ta fara aiki a 1975, akwai ƙarin wuraren dubawa: murfin distiributa da kan tsage ko ya tara laima, da kwantak da kan ƙone ko tazararsa ta kauce, da kuma saitin lokacin wuta.

Iskar da ta shigo ta ɓarauniyar hanya

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Zafin inji da na rana suna busar da tiyon roba har ya tsattsage, kuma irin wannan tsaga tana cikin manyan dalilan rashin silo a tsofaffin motoci. Wani lokaci ana jin ta tana huci. Ana iya ɗaukar guntun tiyo a kara a kunne, a bi da ɗaya bakin a kan gaɓoɓin manifol har a ji inda hucin ya fi ƙarfi. Ana kuma iya fesa ruwa kaɗan a wurin da ake zargi: in muryar inji ta canza, nan ne. Wasu kan yi wannan gwaji da fetur, amma haɗarin gobara a kan inji mai zafi ya fi amfanin girma. Manyan gareji suna da na'urar da ke hura hayaƙi cikin manifol, a ga inda yake ɓullowa.

Akwai agogo na musamman mai auna ƙarfin zuƙon manifol. A lafiyayyen inji allurarsa tana tsayawa cak tsakanin inci 17 zuwa 21. In ta tsaya a ƙasa da haka, ana zargin tsaga ko makarar lokacin wuta. In tana faɗuwa tana komawa a kan ƙa'ida, ana zargin bawul da ba ya rufewa. Sai dai a tuna cewa awon yana raguwa da kimanin inci ɗaya a duk hawan mita 300 daga gaɓar teku, don haka a Jos, mai tsayin kimanin mita 1,200, lafiyayyen inji zai nuna ƙasa da abin da zai nuna a Legas da kusan inci 4.

Kishiyar wannan matsala ita ce ƙarancin iska. Ƙurar hunturu tana toshe filtar iska da wuri fiye da yadda littafin mota ya ƙiyasta, datti da maiƙo kuma suna taruwa a bakin ƙofar totur, daidai 'yar siririyar hanyar da iskar silo ke bi. Wanke wurin da ruwan wankin da aka tanada don haka yakan dawo da silo nan take. A motocin da kwamfuta ke sarrafa totur, wani lokaci sai an sake koya mata matsayin ƙofar bayan wanki ko bayan cire batir. Akwai kuma wani bawul da ke mayar da ɗan hayaƙi cikin inji lokacin tafiya don rage gurɓata iska. A lokacin silo dole ya kasance a rufe, kuma idan kunkunniya ta tokare shi a buɗe, inji zai yi ta shaƙewa.

Mai da hanyoyinsa

A kabureta, fetur ɗin silo yana bi ta wani jet da ƙofarsa ba ta kai milimita ɗaya ba. Ƙwayar tsatsa guda ta isa ta toshe shi. Mota mai irin wannan matsala tana tafiya daidai idan an taka totur, ta mutu da zarar an ɗaga ƙafa. Magani shi ne a kwance jet ɗin a hure shi da iska. Tsokane shi da waya yana faɗaɗa ƙofar, ya ɓata gwargwadon haɗin har abada. A motocin nozul kuwa, datti yana ɓata feshin, fetur ya riƙa fita kamar zare maimakon ƙura, ko nozul ya riƙa ɗiga bayan ya rufe. Ƙarfin famfon mai ana auna shi da agogo, a kwatanta da abin da kamfanin motar ya ƙayyade, kafin a yanke masa hukunci.

Ingancin man shi kansa abin dubawa ne. A watan Fabrairu na 2022 hukumomin Nijeriya sun tabbatar da shigowar fetur mai ɗauke da sinadarin metanol fiye da kima, aka janye shi daga kasuwa bayan masu motoci sun koka da lalacewar injuna. Man da aka ajiye a jarka ko tsohuwar ganga ma yana iya ɗauke da ruwa da laka. Idan aka ɗebi kaɗan a kwalba mai haske aka bar shi ya kwanta, ruwa yakan taru a ƙasa a gan shi ƙarara.

Wata al'ada da ta yaɗu a ƙasashe masu zafi ita ce cire tamostat, da zaton ana taimakon inji. Inji da ba ya kaiwa zafin aikinsa yana ci gaba da karɓar fetur mai yawa kamar yanzu aka tayar da shi, fulogi su yi baƙi, silo ya lalace, musamman da sanyin safiyar hunturu.

Idan cutar tana cikin ƙarfe

Idan wuta da mai da iska duk sun tsira, saura matsi. Ana cire fulogogi duka, a ɗaura agogon matsi a kowace silinda, a juya inji da sitata. Abin da ya fi muhimmanci shi ne kusancin awon silindodin da juna. Bambancin da ya wuce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari abin damuwa ne. Silindar da ta yi ƙasa sai a zuba mata kimanin cokalin shayi na baƙin mai a sake awo. In awon ya tashi, zoben fistin ne ya cinye, domin man ya toshe giɓin na ɗan lokaci. In bai tashi ba, bawul ne ya ƙone ko ba ya zama daidai. In silindodi biyu maƙwabta suka yi ƙasa tare, mai yiwuwa gasket ɗin kan inji ya fashe a tsakaninsu. Waɗannan gyare-gyare ne masu tsada, shi ya sa bai kamata a buɗe inji ba sai awo ya nuna haka.

Shaidar kwamfuta

Tun daga 1996 aka wajabta wa motocin da ake sayarwa a Amurka tsarin binciken kai mai suna OBD-II, Turai kuma ta bi sahu ga motocin fetur a 2001. Yawancin motocin da ake shigo da su na hannu suna da wannan soket a ƙarƙashin sitiyari. Kwamfutar mota tana gane tsallaken bugu ne ta lura da ɗan jinkirin da karanshaf ke yi a daidai lokacin da ya kamata wata silinda ta tura shi. Lamba P0301 tana nufin silinda ta 1 ce ke tsallake, P0302 ta 2, haka har ƙarshe. P0300 na nufin tsallaken bai tsaya a silinda guda ba. P0171 na nufin haɗin ya tsinke, P0172 kuma ya yi kauri.

Lamba dai alama take nunawa, ba ta cewa a sayi kaza. P0171 tana fitowa ne daga rahoton sensar da ke auna iskar oksijin a hayaƙi, kuma sau da yawa sensar gaskiya take faɗa, laifin na tsagaggen tiyo ne. Abin da ya fi lambar amfani shi ne adadin fetur ɗin da kwamfuta ke ƙarawa don cike giɓi, wanda na'urar bincike ke nunawa cikin ɗari. In ƙarin yana da yawa a silo amma ya ragu idan an ɗaga gudu zuwa juyi 2,500, iskar ɓarauniya ce. In ya ƙaru tare da gudu, to mai ne ba ya isowa, ko sensar da ke auna iskar shiga ta yi datti.

Kammalawa

Barin wannan matsala yana da farashi. Inji mai silinda huɗu da ɗaya ta mutu yana zubar da rubu'in man da yake sha ba tare da ya ƙone ba, kuma tun bayan janye tallafin fetur a Nijeriya a watan Mayu na 2023 wannan asara ba ƙarama ba ce. Ɗanyen man yana wanke maiƙon bangon silinda, ya gangara ya tsinka baƙin mai. Wanda ya kai salansa yana ƙonewa a cikin matacin hayaƙi har ya narkar da shi, shi ya sa fitilar gargaɗin inji ke walƙiya maimakon tsayawa idan tsallaken ya yi tsanani. Motar da ke mutuwa a mahaɗar titi tana rasa taimakon sitiyari nan take, na burki kuma bayan taku ɗaya ko biyu. Haka nan haɗi mai kauri yana ƙara gubar kabon monoksaid, iskar da ba ta da launi ko wari amma tana kisa, don haka ba a yin ɗayan waɗannan gwaje-gwaje a rufaffen wuri.

Tsarin bincike dai shi ne a fara da tambaya, a bi da ido da kunne, sannan awo, a bar sayen kaya a ƙarshe. Mai mota yana da haƙƙin ya tambayi makanike wane gwaji ne ya nuna cewa abin da ake son sauyawa shi ne ya lalace, ya kuma nemi a nuna masa tsohon bayan an cire. Sukurun silo kuwa, a motar da ke da shi, shi ne abu na ƙarshe da ake taɓawa, bayan inji ya yi ɗumi kuma an tabbatar wuta da iska da mai da matsi duk suna kan ƙa'idarsu.